Zenon Haluk, Mai Hoton Bayan Labule

Shekara talatin da ɗaya Zenon Haluk ya yi yana ɗaukar hotonmu, amma a cikin masu zuwa sauraron kiɗanmu ba na jin za a sami mutum goma da suka san fuskarsa. Hotunansa kam kowa ya sani. Su ne jere a bangon mashigar zaure, su ne a takardar shiri da ake miƙa wa mutane a ƙofa, idan kuma ɗayanmu ya rasu, su jarida take bugawa. Shi kuwa yana can bayan labule ta hannun hagu, cikin baƙaƙen kaya da takalmin ulu wanda ba a jin takunsa.

Ni sunana Halldor, ni nake buga wa ƙungiyar tambura. Ba mu ne babbar ƙungiyar kiɗa ta birnin Winnipeg ba. Makaɗa arba'in ne da 'yan kai, mawaƙa kamar sittin, yawancinsu malaman makaranta da ma'aikatan asibiti. Dandamalinmu ba shi da zurfi, shi ya sa aka tura ni da tamburana can ƙarshen dama, maimakon baya inda aka saba ajiye irina. Aikin mai tambura kuwa rabinsa zama ne, ko fiye da rabi. Ka yi ta ƙirge a zuci, ka tashi ka buga takwas, ka koma ka zauna. Wanda ya daɗe a zaune yakan ga abubuwa. Ni abin da na fi gani Zenon ne, don muna fuskantar juna, sauran jama'a suna tsakaninmu.

Ɗan unguwar arewa ne, bayan layin dogo. Ubansa ya yi aiki a tashar jirgin ƙasa har bayansa ya tanƙware. Zenon ya fara da hoton biki da na jarirai a wani ɗaki a saman gidan burodi a titin Selkirk, kuma bai taɓa barin ɗakin ba. Duk hoton da ka karɓa daga hannunsa sai ya yi mako yana ƙamshin burodi. Bai yi aure ba. Yayarsa Stefka ce take riƙe masa gida. Ya fi ta tsawo, ita kuma ta fi shi sauran abubuwa. Iyayena masunta ne daga garin Gimli, saboda haka ɗan masu kifi yake ce mini, ni kuma ina ce masa ɗan masu tafarnuwa. A haka muka tsufa.

Idan ka je ya yi maka hoton zaune, abin da zai fara tambaya shi ne, "Ina kayan aikin?" Mai goge ya zo da gogensa, mai sarewa da sarewarsa, mawaƙi kuma ya zo da abin da yake koyo a lokacin. Sai ya ce ka fara. Kana yi yana zagaya ka, ƙas, ƙas, ƙas, kai kuma kana ta miƙe wuya kana ɗaga gira yadda kake so duniya ta gan ka. Sai an yi rabin awa, ka gaji, kwalar rigarka ta karkace, ka manta da shi, sannan zai ce, "Madalla. Bari in sa fim."

Wani mai busa ƙaho ya taɓa rantsuwa sai ya jefa shi ta taga. Hoton da ya fito ranar, shi ne matarsa ta ajiye a kan piyano har yau. Ni da ba zan iya hawa bene da tambura ba, tukunyar Stefka ya kifa mini a kan kujera, ya ba ni ludayi biyu. A hoton ba a ga tukunya ba. Fuskata ce kawai da hannuwana, kuma mahaifiyata ta ce ba ta taɓa ganina da kamala haka ba.

Wannan duk aikin ɗaki ne. Aikin da yake ji da shi, na ranar taro ne. A can doka biyu ce: ba walƙiya, kuma ba ƙara. Kyamarar wancan zamani idan ka danna ta, sai ka ce an karya busasshen kara. Stefka ta ɗinka mata riga da tsohon bargo, ninki huɗu, ta bar ƙofar ido da ta yatsa. Rigar ta rage ƙarar amma ba ta kashe ta ba. Saboda haka Zenon ba ya dannawa sai kiɗa ya cika zaure, lokacin da ƙahoni suka buɗe ko mawaƙa sittin suka ɗaga murya tare. Bai iya karanta takardar kiɗa ba. Abin da yake yi, duk gwajin da za mu yi kafin taro sai ya zo ya zauna a kujerar baya, ido rufe, ba kyamara. Bayan gwaji na uku ya san inda kiɗa yake tashi da inda yake kwanciya. Ya fi wasu masu gogenmu sani, amma ba zan kama suna ba.

Wannan dokar akwai wadda ta cuta, ita ce Verna Hiebert. Verna mai kaurin murya ce, irin muryar mata ta ƙasa, kuma waƙoƙin da ake rubuta wa irin muryarta kusan duk masu sanyi ne, a hankali, goge ɗaya ko biyu a ƙarƙashi. Ba inda mai kyamara zai ɓuya. In ka bi bangon mashiga za ka ga masu siririyar murya baki buɗe, hannu a sama. Verna kuwa hotunanta tara, duk tana sunkuye tana karɓar tafi.

Takan tare shi a bayan dandamali ta ce, "Kai Zenon, jikokina fa sun ɗauka sana'ata sunkuyo ce."

Shi kuma ya ce, "To ki riƙa ihu kamar sauran mana, Verna. Wa ya hana ki?"

"Bakinka ya sari katako."

Suna haka tun tana amarya.

Ban san ranar da kunnensa ya fara tafiya ba. Na dai lura ya koma cewa "haka ne" ga kowace magana, har da tambaya. Na lura a gwaji ya bar kujerar baya ya dawo tsakiya, daga baya ya dawo layi na biyu, kuma ya daina rufe ido.

A watan Oktoba na shekarar tamanin da bakwai muka yi wani kiɗa mai wuri ɗaya da kowa yake tsoro. Ƙungiya duka tana hawa, tana hawa, sai a yanke tsaf, a yi shiru na ƙirge huɗu, sannan sarewa ɗaya ta shigo. Muka hau, muka yanke. Mutum ɗari shida suka riƙe numfashi. A tsakiyar shirun nan aka ji ƙas.

Na ga ƙeyar Maestro Kovar, mai ja mana kiɗa, ta yi ja har cikin kwala. Na dubi labule. Zenon yana murɗa fim abinsa, hankali kwance. Sai da ya ga masu goge na layin farko duk sun juyo suna kallonsa, sannan ya sauke kyamarar a hankali.

Washegari da safe ya biyo ta gidana.

"Zo ka raka ni, ɗan masu kifi. Maestro yana nemana, mutumin nan kuwa cikin gemu yake magana."

Maestro Kovar ba mugu ba ne. Ya ba mu kujeru, ya zuba mana kofi da hannunsa.

Ya ce, "Mista Haluk, ba na son wannan magana. Hoton da ka yi mini shi ne a ɗakin mahaifiyata. Amma shirun nan na jiya, wata biyu muka yi muna gina shi."

"Haka ne, Maestro."

"Idan na sake jin ƙarar kyamara inda bai kamata ba, ko sau ɗaya ne, daga ranar sai dai ka riƙa ɗauka a gwaji. Ranar taro ba kowa a bayan labule."

"Haka ne."

A kan matakala Zenon ya tsaya ya ce, "Me ya ce?"

Na maimaita masa kusa da kunne. Ya daɗe yana kallon takalminsa.

Ya ce, "A gwaji? Mutane cikin rigar sanyi suna tauna fensir? Halldor, fuskar da nake nema ba ta zuwa gwaji. Sai akwai tsoro take fitowa."

Stefka ta tasa shi gaba zuwa wurin likita, aka ba shi na'urar kunne. A gida ta yi amfani. Amma da ya kai kyamara fuska, rigar bargon ta taɓa kunnen, sai na'urar ta saki wani siririn fito wanda shi kaɗai ne ba ya ji. Allah ya sa a gwaji aka gane. Mai sarewarmu ta yi ta duba sarewarta tana neman inda ta tsage.

Yadda muka yi daga nan, ba mu taɓa zama muka shirya ba. Ni dai na san mai tambura ba ya buga abu mai ƙarfi sai an cika zaure. Na kuma san idan Zenon ya sa ido a kyamara yana kallon tsakiyar dandamali, ina can a ƙarshen abin da yake gani. Sai na riƙa ɗaga sandunana sama kaɗan fiye da yadda aiki yake bukata, kuma da wuri kaɗan. Idan sun sauka, shi ma yatsansa ya sauka. Inda na san shiru yana tafe, sai in kwantar da su a gwiwa. Taron Nuwamba ya wuce lafiya, na Kirsimeti ma haka. Maestro ya taɓa tambayata ko kafaɗa ce take damuna. Na ce shekaru ne.

A cikin Janairu, wata Laraba da hantsi, ina ɗakin Zenon muna shan kofi, muka ji ana hawo bene ana hutawa. Verna ce, dusar ƙanƙara a hularta, tana haki.

"Ashe tsofaffin banzan biyu ne. Madalla, na huta da maimaici." Ta zauna ba ta cire safar hannu ba. "Zenon, sa abin kunnenka, ba zan yi ihu ba."

Ya sa.

"Taron bikin Ista shi ne nawa na ƙarshe. Na gaya wa Maestro jiya. Shekarata sittin da huɗu, numfashin ya fara gajarta, gara in sauka da ƙafata."

A ƙasa ana ta fitar da burodi daga tanda.

"Ina son hoto ɗaya ina waƙa. Ba ina sunkuyo ba, ba ina riƙe da fure ba, ba kuma a ɗakin nan da kyamararka marar fim ba. A kan dandamali, a cikin waƙata."

Zenon ya ce, "Wadda ake yi da babban goge kaɗai?"

"Ina da wata ne?"

"Verna, a waƙar nan ko agogon hannun mutum ana ji."

"Na sani."

"Kin san abin da Maestro ya ce mini."

"Na sani. Shi ya sa ban roƙe ka ba, faɗa maka kawai na yi." Ta tashi ta gyara hula. "In bai yiwu ba, ka yi mini na sunkuyo na goma, su cika."

Ta sauka. Zenon ya cire na'urar ya ajiye a kan tebur, ya yi ta juya ta da yatsa.

Ya yi makonni bai ta da maganar ba. A gwaji ina ganinsa a layin farko, idonsa a kan Verna, leɓensa yana ƙirge. Waƙar minti shida ce, kuma daga farkonta har ƙarshe sandunana a gwiwa suke. Ba ni da bugu ko ɗaya a ciki.

Ana saura kwana huɗu, Stefka ta aiko a ce in zo cin abincin rana. Ta yi ƙulle-ƙullen nan nasu na fulawa masu dankali da cuku a ciki, ta soya albasa ta zuba. Zenon ya ci uku ya ture faranti. Mutumin da yake cin goma sha biyu.

Ta ce, "Ka gani ko, Halldor? Kwana nawa ke nan. Ni da nake tsaye tun asuba ina naɗi."

"Yaya, ki bar ni."

"Ba zan bar ka ba. In za ka ɗauka ka ɗauka, in ba za ka ɗauka ba ka ci abinci."

Na ci gaba da cin nawa. Can na ce, "Ni kam maƙogwarona kwanan nan ba daɗi. Ina jin tari yana tafe."

Zenon ya ce, "Sha zuma."

"Irin tarin nan nawa, kafin ya zo nakan fito da hankici. Fari ne, babba. Daga nesa ma ana ganinsa."

Ya ɗago ya dube ni.

"A'a," in ji shi. "Shekara nawa kana kan dandamalin nan?"

"Talatin da takwas."

"Ka taɓa sakin sauti inda ba a rubuta maka ba?"

"Ban taɓa ba."

"To ba a waƙar Verna za ka fara ba. Ɓata mata za ka yi, ɗan masu kifi. Da ƙas da tari duk ɗaya ne."

Stefka ta ajiye ludayi. "Kai, ku maza Allah ya shirye ku. Mutum ɗari shida, a watan Maris, a Winnipeg. Akwai waƙar da aka taɓa gamawa a garin nan ba wanda ya yi tari? Dole wani zai yi. To gara wanda ya iya ƙirge."

Zenon ya jawo farantinsa, ya ɗauki ɗaya, bai kai baki ba.

Ya ce, "Ba a kan doguwar muryar ba. In ka taɓa doguwar muryar nan ni da kaina zan shaƙe ka. Akwai wurin da take ƙare ta, babban goge ya karɓa, ita kuma bakinta bai rufe ba tukuna. Ƙirge ɗaya ne."

Na ce, "Ni tari ne kawai nake gaya maka. Ban san inda zai kama ni ba."

Ya ci goma sha ɗaya.

Ranar Lahadi ƙarfe uku zaure ya cika, har an ƙara kujeru a gefe. 'Yan uwan Verna sun zo daga ƙauyukan kudu cikin motoci uku, mata da ɗankwali baƙi, maza da hannuwa kamar faranti. Kashi na farko ya tafi yadda ya kamata. Na ɗaga sanduna inda zan ɗaga, Zenon ya ɗauki abin da zai ɗauka.

Sai Verna ta miƙe, cikin doguwar riga ruwan toka. Mai babban goge ya ja layin farko, ta shigo.

Na sha jin waƙar nan daga bakinta, ban san adadi ba. Ranar numfashin ya ɗan gajarta kamar yadda ta faɗa, tana ɗauka a wuraren da da ba ta ɗauka. Amma abin da ya rage na muryar, ta san inda za ta ajiye kowane ɗigo. Zaure ya yi tsit. Abin da Stefka ta ce dole ne, ranar bai faru ba: a cikin mutum ɗari shida ba wanda ya yi tari. Na zauna ina ƙirge. Ba zan ɓoye muku ba, na so in bar hankicin a aljihu.

Na dubi labule. Bakin kyamarar nan ya leƙo cikin rigarta ta bargo, bai motsa ba.

Ta kama doguwar muryar. Na sa hannu a aljihu. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida, ta riƙe, ban yi zaton za ta kai ba, bakwai, takwas. Babban goge ya karɓa.

Tari ya kama ni. Guda ɗaya ne, amma mai kyau.

Maestro Kovar bai juyo da kai ba, ido kawai ya juyo. Na shekara goma sha biyar ina aiki a ƙarƙashinsa, ban san idon mutum yana iya haka ba. Verna ba ta ko girgiza ba, ta ɗauki numfashi ta ci gaba har ta sauke waƙar. Ni ban ji wata ƙara ba sai tawa.

Bayan an tashi, ta same ni ina rufe tambura, fure cike da hannunta.

"Halldor."

"Verna, ki yafe mini. Sanyin nan ne."

"Shekara arba'in ina waƙa a garin nan, manoma sun yi mini tari, jarirai sun yi mini kuka, wani ya taɓa yi mini minshari. Amma daga kan dandamali? A ta ƙarshe?"

"Ban kyauta ba."

"Ba ka kyauta ba." Ta dube ni sama da ƙasa. "Kuma ban taɓa jin tarin da ya faɗa daidai kan ƙirge haka ba. Je ka sha zuma."

Ranar Talata Zenon ya kira ni. Na hau bene na same shi a ƙofar ɗakin wankin hoto, hannun riga naɗe. Ya nuna mini igiyar da yake shanya hotuna.

Ga Verna daga gefe, haske a goshinta da kuncinta. Bakinta a buɗe kaɗan, idonta ba a rufe ba kuma ba kowa take kallo ba. Hannunta ɗaya ya ɗan tashi daga jikinta, kamar ta saki wani abu yanzun nan. Na san matar nan shekara talatin da wani abu, ban taɓa ganin wannan fuskar ba, don kullum ƙeyarta da kafaɗarta nake gani. A bayanta kuma, can ƙarshen hoton, dishi-dishi, ga wani tsoho ya dunƙule cikin farin hankici.

Na ce, "Yanke ni daga hoton."

"Zan iya. Amma me ya rage? Ita kaɗai ce a tsaye, mawaƙa duk a zaune, mai babban goge yana ja. Ko yaro ya san wace waƙa ce. Duk wanda ya ga hoton nan ya san na danna inda aka hana ni."

"To ka ba ta a ɓoye, ta kai gida."

"Verna? Ta ɓoye?" Ya yi dariya. "Kafin Lahadi limaminsu ma ya gani."

Ya cire hoton daga igiya ya riƙe shi ta gefe-gefe.

"Kusan shekara talatin ina jera mata sunkuyo a bangon nan, Halldor. Wannan bango za shi. In labulen zan rasa, to na sha tsayuwa."

Bai yanke ni ba.

Ranar Alhamis da safe, kafin gwaji, ya zo da guduma da ƙusa ya kafa shi a mashiga, a tsakiyar tara ɗin. Verna ya kira ta zo ta gani. Ta tsaya a gabansa ta sa tabarau, ta cire, ta sake sawa. Ba ta ce yana da kyau ba. Cewa ta yi, "Ashe haka nake." Sai ta nemi kujera.

Muna nan tsaye Maestro Kovar ya shigo yana kakkaɓe dusar ƙanƙara daga kafaɗa. Ya gaishe mu zai wuce, sai ya tsaya. Ya dawo baya. Ya kalli Verna ta hoto, ya kalli mai babban goge, sannan ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashi, yana kallon ƙarshen hoton.

Zenon ya gyara na'urar kunnensa ya ce, "Maestro, ni na ɗauka. A cikin waƙar ne. Abin da ka ce za ka yi, ka yi."

Maestro bai juyo ba. "Me na ce, Mista Haluk?"

"Ka ce in na sake dannawa inda bai kamata ba."

"A'a. Cewa na yi in na sake ji." Ya miƙe ya cire safar hannu ɗaya bayan ɗaya. "Ni ranar Lahadi ban ji kyamara ba. Wani abu dabam na ji."

Ya juyo gare ni.

"Halldor, yaya jiki?"

"Da sauƙi, Maestro."

"Tarin nan naka, sau nawa yake tashi a shekara?"

Na yi ɗan tunani. "Sau ɗaya. Wata shekarar biyu."

"Sau ɗaya," in ji shi. "Kuma ba a shiruna ba." Ya dubi Zenon. "Ina son kwafi guda, ƙarami, na ofis. Kada ka yanke masa mara lafiyan."

Ya shige ciki. Zenon ya matso ya ce, "Me ya ce a ƙarshe?"

Verna ta ce daga kujera, "Ya ce kai da abokinka tsofaffin banza ne, ku wuce ku ba mutane wuri."

Zenon ya ƙara shekara uku a bayan labule, sannan ya sauka don kansa, da gwiwoyinsa suka ƙi tsayuwar awa biyu. A cikin shekarun nan uku tari ya kama ni a kan dandamali sau uku. Na farko da na biyu, akwai hotunansu a bango, na wata yarinya mai garaya da na tsohon mai piyanonmu. Na ukun mura ce ta gaske, har na kwana biyar a kwance, amma ba wanda ya yarda. Stefka da ta kawo mini miya, tana ajiye kwanon ta ce, "To, wa aka ɗauka wannan karon?"